Sunan Mahaifiyar Baba Kambodiya

Shekara goma sha shida ke nan da muka kai Baba Kambodiya makwancinsa a maƙabartar Qusais da ke Dubai. Sai da na ƙirga da yatsu kafin na yarda, don har gobe in na bi ta unguwar Satwa na ji ƙarar keken ɗinki sai na waiga. Sunansa na yanka Yusufu, amma a bakin Hausawan unguwar Baba Kambodiya ne, kuma da shi ya yi ta amsawa har ya koma ga Mahaliccinsa.

Na sauka Dubai a farkon shekarun dubu biyu, ina ɗaure wa 'yan kasuwar Kano kaya ana turawa gida. Ɗakin da na kama yana saman shagonsa na ɗinki. Gajeren dattijo ne siriri, tabarau a ƙarshen hanci, kuma da zarar ya rufe shago sai ya ɗaura zani ya fito shan iska. Mun sha tsokanarsa a kan zanin nan, bai taɓa fasawa ba. Ni da jahilcina na ɗauka ɗan Sin ne wanda bai san alƙibla ba, har ranar da na makara sallar La'asar na tarar da shi ne ke jan sahu.

Daga baya na san shi ɗan ƙabilar Cham ne, Musulmin ƙasar Kambodiya. Yana saurayi aka yi wani mulki a ƙasarsu da ya kwashe mutane daga garuruwa ya zuba su a gonakin shinkafa, ya hana salla, ya kashe na kashewa. Da ƙafa ya tsallaka iyaka zuwa sansanin 'yan gudun hijira a Tailan, daga can ya faɗa Malesiya inda ya koyi ɗinki, sannan neman abinci ya kawo shi Dubai. Ya yi aure a Malesiya, auren bai ɗore ba, Allah kuma bai ba shi haihuwa ba. Ba a zama ɗaya ya ba ni wannan labari ba. Guntu-guntu na tsinto shi, yau jimla ɗaya, bayan wata guda wata.

Wanda ya gan shi a shago zai ce ya gama sajewa da gari. Larabcin kasuwa a bakinsa kamar ruwa, yana ciniki da Indiyawa da yarensu, Hausa ma ya iya ta gaisuwa da ta faɗa. Kaftanin farko da ya ɗinka wa wani alhajin Kano ya yi masa wuya irin na Larabawa har da igiyar ado tana reto a ƙirji, alhaji ya rantse ba zai shiga Kantin Kwari da ita a mai da shi abin kallo ba. Baba ya warware, ya ari tsohuwar rigata ya yi kwana uku yana nazarinta, bayan shekara guda kuwa sai ka bi layi kafin ya karɓi shaddarka. Yana cin tuwo da mu, sai dai ya ɗiga masa wani ruɓaɓɓen kifi na ƙasarsu da ke korar mutum daga ɗaki. In mun toshe hanci ya ce masu cin daddawa ba su da bakin magana.

Amma ɗakinsa ya tona asirinsa. Tabarma ce da filo, sai jaka ɗaya a ɗaure a bayan ƙofa. Mutumin da ya shekara goma a gari, bai mallaki abin da ba zai iya ɗauka da hannu ɗaya ya gudu ba.

Wata Juma'a muna dawowa daga masallaci ya gaya mini abin da ke cin ransa. Sunan mahaifiyarsa Maisom. A bakin wata gona aka raba su, aka tura ta wani ƙauye, shi ke nan. Ba kabari, ba hoto, ba ɗan'uwan da ya rage da za su zauna su tuna ta tare. Ya ce sama da shekara ashirin bai ji sunan daga bakin wani mahaluki ba, sai in shi ya faɗa wa kansa, kuma ranar da ya mutu sunan zai bi shi ƙasa kamar ba a taɓa yin matar ba. Na ce Allah ya jiƙanta, na ji kaina ƙarami.

Da matata Hauwa ta iso, Allah ya ba mu 'ya mace, na nemi shawararta ta amince, ranar suna aka raɗa wa jaririya Maisom. Mahaifiyata ta bugo waya daga Kano tana tambaya ko sunayen Musulunci ne suka ƙare. Da na ba ta labarin sai ta ce Allah ya raya. Baba kuwa zama ya yi a kan matakala ya rufe fuska da hularsa yana kuka. Na kwanta ranar ina jin na yi abin kirki a duniya.

Sai muka yi abin da duk Bahaushe zai yi ba tare da ya tsaya tunani ba. Yarinya ta ci sunan uwar dattijon da muke girmamawa, wa zai buɗe baki ya kira sunan gatsal a gabansa? Muka koma ce mata Ummi. Maƙwabta suka ɗauka, baƙi suka ɗauka, kafin arba'in ba mai tuna wani suna sai Ummi. Mu a ganinmu mun kai girmamawa ƙarshe.

Baba ya fara ja da baya. Ya daina hawowa cin tuwo, in an miƙa masa jaririya ya riƙe ta kaɗan ya mayar. Hauwa ce ta lura, ta ce in sauka in ji ko mun yi masa laifi. Na same shi yana yanka yadi, bai ɗago ba ya ce, "Habibi, in sunan bai yi muku daɗi ba, khalas, shi ke nan, ku canza. Ba zan ji haushi ba."

Na ce, "Baba, wane irin canzawa? Kunyarka muke ji. A wurinmu ba a kiran sunan uwa a gaban ɗanta."

Ya ajiye almakashi ya dube ni ta saman tabarau. "Can an hana ni jin sunanta da bindiga. Nan kuma da kunya?"

Ban taɓa jin magana ta dake ni kamar wannan ba. Mun ba shi kyauta da hannun dama, mun karɓe da na hagu, muna ta yaba wa kanmu da ladabi.

Gyaran bai zo da sauƙi ba, don baki ya riga ya saba. Hauwa ce ta fara ƙarfin hali, ta leƙo ta taga ta ce, "Baba, Maisom ta tashi, zo ka ɗauke ta," sannan ta ruga ɗaki don kunya. Da yarinyar ta fara tafiya, sunan ya cika layin. Maisom sauko, Maisom bar almakashin nan, Maisom wa ya ba ki alewa. Teloli 'yan Pakistan na kira, mai shayi ɗan Nijar na kira, Baba yana kan kekensa yana murmushi kamar an biya masa Makka. A shekarar ya sayi gado da firji, ya shuka ciyawar shayi a gwangwani a bakin shago, jakar bayan ƙofa kuma ta koma ma'ajiyar ƙyallayen da yake ɗinka wa yarinyar 'yar tsana da su.

Tana da shekara bakwai ciwon zuciya ya ɗauke shi, bayan jinyar kwana huɗu. Hausawa da Zabarmawa da 'yan Gana na zango da telolin layin suka cika sahu, har wani ya tambaye ni ko wani babban attajiri ne ya rasu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Layin shagonsa an rushe rabinsa, jirgin ƙasan da ya bari ana kafa wa ginshiƙai yanzu shi muke hawa. Na san zai yi tsaki a kan kaftanin kanti da matasa ke sawa. Na san kuma zai kashe talabijin in ya ga Musulmin ƙasar Bama cikin kwale-kwale suna neman ƙasar da za ta karɓe su, don bai taɓa iya kallon irin wannan ba. Amma da zai ga yadda 'yan ƙabilarsa da suka watsu a duniya ke gano juna ta waya, jikoki suna koyon yaren kakanni, ina jin da ya sa an koya masa latsa wayar ko da zai shekara yana yi. Abin da na koya a wurinsa shi ne, baƙon da ya tsero da ransa zai iya koyon yarenka da abincinka da ɗinkinka cikin 'yan shekaru, amma ba ya kwance kaya sai ya ga an ba abin da ya taho da shi wurin zama.

Bai bar gida ba, bai bar ɗa ba, shagon ma wani ke ciki. Maisom dai tana nan, ma'aikaciyar jinya ce, sunan na manne a ƙirjin rigarta, marasa lafiya daga ƙasashe iri-iri suna kiransa tun safe har ta tashi aiki, kuma duk wanda ya tambayi asalinsa sai ta ba shi labarin wata mata da aka raba da ɗanta a bakin gona.

Watan jiya ta haifi namiji, mijinta ya yarda aka sa masa sunan Baba. Ranar suna ta miƙo mini shi a gaban mutane ta ce, "Abba, ban da Khalifa, ban da Baffa. Da sunansa za ka kira shi." Sai a lokacin na tuna duk zaman da muka yi da mutumin nan ban taɓa furta sunansa ba ko sau ɗaya. Bakina ya yi nauyi, kowa yana jirana. Na sunkuya na ce, "Yusufu, sannu da zuwa."