Mai Ƙwarya a Kafaɗa

Mun tashi da asuba daga Unguwar Mu'azu ranar Asabar ɗin da ta wuce, ni da abokina tela. A aljihuna akwai kati guda ɗaya, a cikina kuwa akwai ƙarya mai wata biyu da haihuwa. Ku 'yan majalisar ƙofar shagona, da duk mai buga katin Duwatsu Bakwai daga nan har tsallaken kogi, dominku na rubuta wannan. Ni ne mai gyaran rediyon da kuke kira Malamin Kati. Ku daure ku karanta har ƙarshe.

Ga wanda bai san wasan ba, katuna ne masu hotunan jarumai da dodanni, kowanne da lambar ƙarfinsa, a ƙasa kuma layi biyu na Turanci da ke faɗin asalinsa. Ni na taɓa aji uku na sakandare, don haka ni nake karanta wa jama'a. Inda Turancin ya fi ƙarfina sai in cike da nawa, ba mai ganewa.

Wata biyu da suka wuce sabon kati ya fito a cikin fakiti. Mace ce mai wushirya da tabo a haɓa, ta ɗauko ƙatuwar ƙwarya mai fitar da haske, ba a ka ba, a kafaɗa. Ba suna, ba tarihi, sai lamba mai girma. Majalisa ta rikice. Wani ya ce ƙanwar Sarkin Dutsen Wuta ce da aka ɓoye tun tana jaririya. Wani ya ce daga ƙarƙashin tafki ta fito. Tela ya ce shi dai fuskar mutanen kirki ya gani, hasken nan kuwa abinci ne take kai wa mayaƙa. Da aka gaji sai aka juyo gare ni. Maimakon in ce ban sani ba, sai na gyara zama. Na ce mayya ce, ta cinye 'ya'yanta biyu, sarakunan duwatsu suka la'anci kanta har ba ya ɗaukar kaya, abin da ke haske a ƙwaryar kuwa kurwar yara ce. Na ƙara da cewa a wani littafin Turanci na gani. Tun ranar sunanta ya zama Mayya.

Kowa ya haɗiye, ban da tela. Ya ce sai ya ga littafin da idonsa. Na ce yana wurin Alhajin da ke sayar da katin a sari a unguwar Nasarawa, tsallaken kogi. Na zaɓi Nasarawa ne don na san tela da ƙyuyar tafiya, kasuwa ma aike yake yi. Sai ga shi ranar Asabar ɗin nan bayan sallar asuba yana ƙwanƙwasa mini ƙofa, ya sha sabuwar hula.

Mun sami bas a bakin babban titi. An kwana ana ruwa, ramukan hanya sun cika taf, direba yana kauce musu kamar mai tsallake kashin kaji. Kuɗin mota ya ƙaru, da wani dattijo ya yi ƙorafi sai kwandasta ya ce ya je ya tambayi wanda ya zaɓa. Kafin gada, inda sojoji suka saba tsayar da mu, yanzu buhunan yashi ne kawai suka rage, ciyawa ta tsiro a kansu. Hotunan 'yan takara na nan manne a bango, ruwa ya wanke alkawuran ya bar murmushin. Kogin Kaduna ya cika ya yi jajir, masu ɗibar yashi sun ja kwale-kwalensu gefe. Kowa a motar yana kallon ruwa, ni kuwa ina addu'ar Allah ya sa taya ta fashe. Ba ta fashe ba. Tsohuwar mota ce, amma ranar lafiyarta ƙalau.

A Nasarawa aka haife ni, a nan na yi firamare kafin mu ƙaura. Na yi ta jan tela lungu-lungu ina nuna masa gidanmu na da da bishiyar mangwaron ƙofarsa, duk don in ɓata lokaci. Muka zauna muka sha koko da ƙosai mai zafi wurin wata mata, ƙosan ya ƙanƙance amma yajin ya biya. Tela ya share kofi biyu, ya goge baki, ya ce, “To Malam, mu je ga littafi.”

Alhajin yana shagonsa tsakanin katan-katan na alewa da balan-balan. Na gaishe shi da murya ƙasa-ƙasa, na yi tambayar yadda na san ba zai gane ba. Tela ya maimaita masa da ƙarfi. Alhaji ya dube mu ta saman tabarau.

“Littafi? Wane littafi? Samari, na farko ne suka zo daga waje. Waɗannan sababbin ai a bayan layin nan ake buga su.”

Ya haɗa mu da kwatance. Wurin ɗaki ɗaya ne da inji mai ƙarar gaske, yana warin tawada da kananzir. Mai wurin ya ce lokacin zaɓe ya sayi injin, ya yi ta buga hotunan 'yan takara, da aka rantsar da su ko ɗaya bai sake leƙo shi ba. Shi ne ya koma buga kati a kan ragowar takardunsu. Tela ya karɓi katin aljihuna ya ɓantare gefensa da farce, sai ga rabin hular wani ɗan takarar kansila da kunnensa ɗaya. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi, amma tawa ba ta wuce haƙora ba. Mai injin ya ce wani mai zane ne a Unguwar Boro yake zana masa hotunan, Bulus, kusa da injin niƙa. Ya ce, “In kun je ku bi shi a hankali. Kwanan nan ransa a ɓace yake kan wannan katin.”

A nan ya kamata in faɗi gaskiya mu juya gida. Ramin ƙarya ƙurarre ne, na riga na taɓo ƙarshensa. Amma tela bai ce mini komai game da littafi ba, ya dai ce, “Mu ƙarasa.” Ni kuma girman kai ya hana ni buɗe baki.

Muka hau acaɓa ta Kakuri, muka ratsa ma'aikatan masaƙa da ke fitowa daga aiki da auduga a gashin kansu. A unguwar Talbijin muka shiga wata bas mai zuwa Sabon Tasha. Nan garin ya sauya kama: allunan coci a kowace kwana, ana jin masu waƙa suna gwaji, Hausa da Turancin Buroka suna cakuɗe a bakin kowa. Masara gasasshiya ta fi tamu araha, doya kuwa tuli-tuli a bakin hanya.

Daf da Unguwar Boro motar ta tsaya sauke fasinja. Sai ga mata uku 'yan ƙabilar Gbagyi, waɗanda muke ce wa Gwari, sun fito daga hanyar gona a jere, kowacce da ƙwaryar itace a kafaɗa. Tela ya dube su, ya dubi aljihuna, ya dube ni. Dukanmu a majalisa haifaffun Kaduna ne. Tun muna rarrafe muke ganin matan nan da kaya a kafaɗa. Amma da yake mun sa a ranmu cewa katin daga ƙasar Turawa ya zo, sai muka tafi neman asalinta a ƙarƙashin tafki da bayan dutse, ba wanda ya tuna da mai kawo wa uwarsa itace.

Bulus yana zaune a rumfarsa yana rubuta allon wani shagon aski. Yana ɗaga kai ya kira ni da sunan da rabona da jin sa tun muna firamare a Nasarawa. Benci ɗaya muka zauna shekara uku, shi yake zana mini taswira, ni ina ba shi amsar lissafi, rabinta ba daidai ba. Ya rungume ni, ya aika aka kawo mana lemo. Da tela ya ajiye katin a kan benci sai fara'ar Bulus ta ɗauke.

Ya ce mahaifiyarsa ce. Ya zana ta ne don ya girmama ta, da doyar da ta yi ta ɗauka har ya yi karatu. Ya so ya rubuta tarihinta da Hausa a ƙasa, mai injin ya ce in aka gane na gida ne ba mai saye, shi ya sa aka bar wurin fili. To a unguwarsu kowa ya gane ta, ga wushirya ga tabo. Da farko abin alfahari ne. Sai wani zance ya tsallako kogi a bakin 'yan makaranta. Yara suka fara gudu in sun hango ta. Mata suka daina sayen doyarta. Abin da ya fi muni, kafin a haifi Bulus ta binne 'ya'ya biyu a shekara ɗaya, ƙyanda ta kwashe su, sai tsofaffi suka fara cewa ashe biri ya yi kama da mutum. Wata da ɗanta ke zazzaɓi ta zo har ƙofar gida tana kururuwa a sakar mata kurwar ɗa. Mako uku ke nan tsohuwa ba ta fita ba.

“Wai har a littafi aka gani,” in ji Bulus. “Ni da na zana ta da hannuna! Da zan ga wanda ya fara wannan magana...”

Tela ya sunkuyar da kai yana wasa da marfin kwalba. Na san ba zai tona ni ba, kuma wannan ya fi mari ciwo. Na ce, “Bulus, ni ne.”

Bai zage ni ba. Ya tashi ya fita, ya daɗe, ya dawo idonsa ja. Ya ce, “Ba ni za ka faɗa wa ba.”

Mahaifiyarsa tana zaune a tsakar gida kan kujera 'yar tsugunno, doya jibge a gefenta wasu sun fara tsiro. Ta tsufa, amma ita ce ta jikin katin. Bulus ya ce mata ni ɗan Hajiya ne ta gidan mangwaro, wato mahaifiyata. Ta washe baki, ta tambayi Hajiya da ciwon ƙafarta, ta tambayi yayyena mata ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Na durƙusa na faɗa mata komai, ban rage ba.

“A littafin aka rubuta haka?”

“Babu littafi, Mama.”

“To me na yi maka?”

“Ba ki yi mini komai ba. So nake a ce na sani.”

Sai ta dafa kanta ta ce, “Mu a wurinmu kai sarki ne. Shi ke tunani, ba a ɗora masa kaya. Ba la'ana ba ce, ɗana, girmamawa ce.” Na ce ta yafe mini. Ta ce, “Yafiya ba wuya. Doyata ce ke lalacewa. Tashi ka ɗauka.”

Bulus ya cika ƙwaryarta da doya ya ɗora mini a kafaɗa. Jama'a, ban taɓa sanin nauyin abin nan ba. Daga gidan zuwa bakin titi bai kai tafiyar minti goma ba, na sauke sau huɗu. Tana gaba, ina biye a karkace, tela yana bayana riƙe da hulata. Duk ƙofar da ta tsaya sai in tsaya in ce ni ne na ƙirƙiri zancen, ni mutumin Unguwar Mu'azu, babu littafi, babu maita. Wasu suka yi dariya, wata ta ce Allah ya isa, wani dattijo ya ce da a zamaninsu ne da na sha bulala. A bakin titi ta hura wuta ta gasa doya, ta ɓare da hannunta ta miƙo mini da manja, na ci a gaban kowa. Kafin mu tafi mata biyu sun saya. Mai ɗa mara lafiya dai ba ta buɗe ƙofarta ba, kuma ban san bakin mutum nawa zancen ya shiga ba. Magana zarar bunu ce.

Ruwa ya kama mu a hanyar dawowa, muka iso gida bayan la'asar a jiƙe. Da za mu rabu tela ya miƙo mini hulata ya ce, “Na ce maka abinci ne a ƙwaryar.”

Abin da tafiyar nan ta koya mini kaɗan ne, amma ya ishe ni. “Ban sani ba” ba ta taɓa kashe kowa ba, ni kuwa gudunta ya sa na kusa kashe tsohuwa da ranta. Daga yau kada wanda ya ƙara kirana Malamin Kati, kada wanda ya ƙara kiran katin nan da wancan suna. Duk wanda ya kai waccan maganar wani wuri, don Allah ya kai wannan takardar can.

Da na shiga gida na tarar da Hajiya tana tsince shinkafa. Na ajiye katin a gefen tirenta. Ko tabarau ba ta nema ba.

“Lah, Ladi ce! Tana nan da rai? Kai ba za ka tuna ba. Kana wata takwas ka shiɗe, babanka ya yi tafiya, ni na ruɗe sai kuka nake. Ta shigo da itace, ta watsar da shi a tsakar gida, ta saɓa ka a kafaɗar nan ta ruga da kai asibiti, ko takalmi babu.” Ta shafa hoton da yatsa. “Wa ya zana ta haka da kyau? Me suka rubuta a kanta?”

Kafaɗata tana zugi har yanzu. Na zauna a ƙasa kusa da tiren, na fara ba ta labari tun daga farko.