Tabarau Mai Ruwan Shayi

Mun tashi da asuba daga Gagarawa ranar Alhamis, ni da taubashina mai fataucin awaki. Shi kasuwar Maigatari za shi, kamar kowane mako. Ni kuwa abu biyu ne a gabana: in sayi tabarau, sannan in wuce Sule Tankarkar sunan ɗan yayata ranar Asabar.

Wanda bai san ni ba zai ce wannan ai ba tafiya ba ce. To, ni tela ne, a zaure nake ɗinki, kuma shekara uku rabona da fita garinmu saboda ciwon ɓarin kai. In hasken rana ya doki idona, sai in fara ganin wani ƙyalƙyali a gefe, kafin a jima ɓarin hagu ya ɗauka, sai amai, sai kwana biyu a ɗaki da bargo a taga. Yayata ta aurar da 'yarta, ban je ba. Mijinta ya dawo daga Makka, ban je ba. Wannan karon saƙonta gajere ne: in ban zo suna ba, ta san ba ta da ƙane. Malamin asibitin garinmu ne ya ba ni shawarar tabarau. Ya ce ba magani ba ne, inuwa ce kawai. Kada in sayi baƙi wuluk, in nemi mai ruwan shayi, kuma in na shiga ɗaki in cire, don kada ido ya saba da duhu.

A-kori-kura muka samu. Na zaɓi wurin da zan ba gabas baya, na ja mayafi na rufe fuska, saboda haka ba zan yi muku ƙaryar abin da na gani tsakanin Gagarawa da Gumel ba. Awaki na ji, da ƙamshin daddawar wata tsohuwa. Tun da aka koma tuƙi ta dama ban shiga mota ba, don haka duk motar da na ji ta tunkaro mu sai in yi salati. Sau huɗu na laluba jaka in tabbatar 'yar rigar da na ɗinka wa jaririn tana nan. Taubashina ya ce in na sake lalubawa zai sayar da ni tare da awakin.

A tashar Gumel muka karya da koko da ƙosai. Mai ƙosan ba ta yarda da lissafin naira ba har yanzu, da sule da sisi take ciniki. Ƙosan nata kuwa ya fi namu girma, amma namu ya fi yaji.

Da hantsi muka shiga Maigatari. Rairayin garin fari ne fat, ga ranar bazara. Taubashina ya riƙe hannuna kamar mai jan makaho, har rumfar wani mutumin Damagaram mai sayar da madubai da tocila da agogo. Ya miƙo mini baƙi tukuna, ya ce shi samari ke yayi. Na ce ni ba yayi ya kawo ni ba. Ya tona ƙasan akwati ya zaro wani da ya ce ya shekara ba wanda ya taya. Ruwan shayi ne sak, shayin da ba a sa wa madara ba. Na sa, na ɗaga kai a hankali, ina jiran ƙyalƙyalin nan. Bai zo ba.

Jama'a, ashe haka kasuwa take. Na ga raƙuma a durƙushe da buhunan kanwa, Buzaye da rawuna masu shuɗi, dabino tsibi-tsibi, shanu masu ƙaho kamar a rataya riga. Na tsaya kallon wani rago ya fi minti goma. Taubashina ya yi cinikin tabarau ɗin, ya rage kusan rabi, ya ce sauran rabin kuɗin kallo ne.

Daga nan damuwa ta sake salo. Malamin asibiti ya ce in riƙa rubuta lokacin da ciwon ke tashi da abin da na ci, saboda haka ina tafe da ɗan littafi da biro. Na tsaya a layin 'yan atamfa na rubuta: “Hantsi, ƙosai, babu ciwo.” Ina ɗagowa sai na ga ana ta jan buhu ana rufe kaya. Wani ya taso da goro a hannu yana cewa, “Ranka ya daɗe, an zo lafiya?” Ashe tabarau da biro sun mai da ni ɗan kwastan. Taubashina ya yi dariya har ya dafa rumfa. Ni ban yi ba. Na bi rumfunan ɗaya bayan ɗaya ina ba da haƙuri, ina cewa ni tela ne. Mai goron ya ce to in ci goron duk da haka, tun da ya riga ya fito.

Abin ya tsaya mini a rai. In 'yan kasuwa sun ga haka, me surukin yayata, uban mijinta, zai gani? Dattijo ne da ba ya ɗaukar raini. An ce ya taɓa korar jikansa daga gaisuwa don ya zo da rediyo a kafaɗa.

A Gumel muka kwana. Ranar Juma'a taubashina ya ce zai raka ni, wai ba zai bari wannan kallo ya wuce shi ba. Hanyar Sule Tankarkar yashi ce, sau biyu muka sauka muka tura mota. Amma ban rufe fuska ba. Na ga kukoki, na ga Fulani a bakin rijiya suna jan guga da bijimin sa, muka sayi fura mai sanyi a hannun matansu. A motar na kasa haƙuri, na tambayi fasinjoji: in za a gai da babba ana cire takalmi, ana barin hula, to tabarau da wanne yake tafiya? Mota ta rabu biyu. Wani ya ce duk abin da Bature ya kawo cirewa ake yi. Wani ya ce to agogo fa? Har muka isa ba a yanke ba.

Mun tarar da dattijon a ƙofar gida, a gindin wata dalbejiya. Inuwar dalbejiyar 'yar kaɗan ce, kuma tsofaffi sun cika ta. Mai gaisuwa a rana zai durƙusa, yana fuskantar bangon da aka shafe da farar ƙasa saboda suna. Ga shi an san gaisuwarsa da tsawo, sai ya tambayi mutanen Gagarawa gida-gida. In na cire, zan yi sunan a ɗaki ina amai, zuwana ya zama banza. In ban cire ba, na jawo wa yayata magana a gidan miji.

Na tuɓe takalma, na durƙusa, na cire tabarau, na runtse ido gam.

“Lafiya, ɗana? Ko fuskata ce ba ka son gani?”

“Allah ya ba ka haƙuri, Baba. Haske ne ba na iyawa.”

Na faɗa masa komai, ido a rufe, har da gardamar mota. Ya ce in miƙo abin. Ashe sawa ya yi a idonsa, don sai na ji ya ce, “Af. La'asar ta yi a cikin nan.” Aka fashe da dariya. Tabarau ya zaga hannu biyar, ni dai ina addu'ar kada ya faɗi.

“Takalmi ƙasa yake takawa, shi ya sa ake barin sa a waje,” in ji shi. “Wannan me ya taka? Bisa hanci yake zama. Hula ce, ta ido. Mai da abinka, ka dube ni mu gaisa sosai. Shekara uku ina tara tambayoyi.”

Ya kuwa yi su duka, har da jakin limaminmu.

Da na shiga cikin gida, yayata ta dube ni ta ce, “Wane ne wannan baƙon Bature?” Sai ta kama kuka, ta ɗora mini jaririn a cinya. A nan na cire tabarau, don ɗaki ne, kuma ina son in gan shi da launinsa. Ranar Asabar aka raɗa suna, na zauna cikin maza tun safe har aka gama rabon nama. Rigar ta yi masa yawa, yadda na yi ta fargaba. Yayata ta ce zai girma ya same ta, kuma in zo in gani da idona.

Ran Lahadi muka dawo Gagarawa ta Gumel. Ba zan ɓoye ba, da yamma kaina ya ɗan sara, na sha ƙwayar da aka ba ni a asibiti na kwanta da wuri. Ciwon bai rabu da ni ba, kuma malamin asibiti bai ce zai rabu ba. Abin da na koyo shi ne, shekara uku ina ɓoye lalurata ina barin 'yan'uwa suna zaton wulaƙanci ne, alhali bayanin bai kai tsawon gaisuwa ɗaya ba. Yanzu na kafa ƙusa a bakin zaure, kusa da inda nake rataye hula. Nan tabarau yake kwana.