Wilma, Wadda Ke Juyowa Kafin Sha Biyu

Ranar Talata, 14 ga watan Oktoba, 'yarki Corinne ta kira ni a waya ta ce, "Kawu Vernon, Mama ta tafi." Kin rasu a kan gadonki, a gidanki na Leadville, kina da shekara tamanin da huɗu, taga a buɗe kamar yadda kike so. Na tambaye ta ƙarfe nawa, ta ce sha biyu saura minti ashirin na rana. Sai na ji tana dariya cikin kuka, ni ma na kama. Duk wanda ya san ki, Yaya Wilma Archuleta, ya san abin da ya ba mu dariya. Wanda bai sani ba, bari in ba shi labari.

Da faɗa muka fara sanin juna. A shekarar 1979 ina sabon ɗan jarida mai rawar kai, aka turo ni in ɗauko labarin wani da tsawa ta kashe a kan dutse. Na rubuta da manyan baƙaƙe, "Dutse mai kisa ya sake cin rai." A gefen shafin kuma ga hoton wani ɗan gayu da muka ce ya "murƙushe" wani dutsen. Haka muke yi, har yau ma ba mu daina ba: ko dai mutum ya mutu a can sama mu kira shi mai ganganci, ko ya kai ƙololuwa mu kira shi jarumi. Kashegari kika shigo ofishinmu da jaridar a hannu, duk kin zane ta da jan biro, kika shimfiɗa min a kan tebur.

"Kai ne mai wannan aika-aikar?" in ji ki. "Wane dutsen aka murƙushe? Na leƙa ta taga da safe, yana nan inda yake. Ka taɓa hawa ko da tudun bayan gidanku?"

Na ce a'a.

"To, Asabar da asuba. Kuma ka nemi takalmin kirki, ba wannan na zuwa coci ba."

Kai, na sha wuya ranar nan! Ina haki kamar tsohuwar mota, ke kuwa kina gaba kina ba ni labarin furanni. Da ƙyar da jiɓin goshi muka matso, har ina hango tulin duwatsun da ke kan ƙololuwa, bai fi tafiyar minti goma sha biyar ba. Sai kika dubi agogo, kika dubi wani ɗan gajimare da bai kai ya kawo ba, kika ce mu juya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Haba Yaya, ga shi can fa ina gani!" Kika ce, "Shi ma yana ganinka. Sha biyu ta kusa, bayanta lokacin tsawa ne, juya." Ba mu sauko wurin itatuwan da ke ƙasa ba hadari ya haɗu, tsawa ta dinga sauka daidai inda na so in tsaya a ɗauke ni hoto. Na zauna a ƙasa ina kallo.

A mota na tambaye ki me zan rubuta, tunda ba mu kai ba. Kika ce in rubuta cewa mutum biyu sun ci abincin dare a gidajensu. Na kuwa rubuta. Editan wancan lokaci ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ba wanda ya mutu, ba wanda ya kai sama. Ina labarin?" Ya jefa a kwandon shara.

Da na gaya miki, ba ki yi fushi ba. Cewa kika yi tunda jarida ba ta da fili, ke kina da bango. Daga shekarar da ta biyo baya, duk wanda ya juyo daga dutse bai kai ƙololuwa ba, saboda hadari ko ciwon kai ko kawai zuciyarsa ta ce masa a'a, in ya shigo gidan abincinki za ki miƙa masa fensir ya rubuta sunansa da ranar a jikin bango, sannan ki ɗora masa kwanon miyar koren barkono da gurasa mai zafi, kyauta. Waɗanda suka kai sama kuwa, ki ce musu sannu, su biya kuɗinsu. Na sha ganin ƙattin maza sun shigo kai a sunkuye kamar an kama su da sata, su fita suna ƙyalƙyala dariya. Masu son banza ma ba su bar ki ba. In mutum ya ce ya juyo, sai ki ce, "Ɗago ƙafarka in gani." In takalmin fes yake, ki ce masa, "Daga wurin ajiye motoci ka juyo ke nan, sannu da ƙoƙari." Duk da haka sai kin zuba masa.

Cikin manyan duwatsu hamsin da takwas da 'yan jiharmu ke ƙirgawa, kin hau hamsin da bakwai. Na ƙarshen, Capitol, sau tara kina zuwa kina juyowa, kuma sau tara kika rubuta sunanki a bangon nan da hannunki. Bara, da ƙafa ta fara ƙi, kika riƙe hannuna kika ce, "Vernon, na san halin 'yan'uwanka 'yan jarida. In na mutu kada ka bari su ce na murƙushe wani abu, kada kuma su mai da ni abin tausayi saboda dutse ɗaya." Na ɗauki alkawari cikin wasa, ban san da gaske za a gwada ni ba.

Ranar Laraba editar jaridarmu ta yanzu, Kirsten Dahl, yarinyar kirki sa'ar 'yata, ta kira ni tana murna. "Baba Vernon, mun samu kanun labari mai taɓa zuciya: Ta rasu saura dutse ɗaya burinta ya cika." Wallahi sai da na ji kamar kin zungure ni da sandarki. Na yi mata bayani, ta ce ta fahimta, amma abin da mutane ke karantawa ke nan. Na shekara goma sha biyu da ajiye aiki, ba ni da ikon canza ko waƙafi a jaridar nan. Tsoro ya kama ni sosai, don abu ɗaya tak kika taɓa roƙona a shekara arba'in da shida, ga shi zan kasa.

Sai na yi irin taki. Na ce mata, "Gobe da safe ki zo Leadville, kuma ki sa takalmin kirki." Ta zo. Corinne ta buɗe mana gidan abincin, muka tsaya gaban bangon. Sunaye ne tun daga ƙasa har inda hannu ke kaiwa, wasu sun dishe, wasu na bana. Na san inda zan kai ta, domin ina wurin ranar da aka rubuta. Na nuna mata kusa da ƙofar kicin: Lowell Dahl, Agusta 1988, hadari. Mahaifinta ne. Bai taɓa gaya mata ba, kunya yake ji. Na ce, "A wace shekara aka haife ki?" Ta ce 1990, shekara biyu bayan ya juyo da ransa. Ta daɗe tana kallon rubutun nan, ta sa yatsa ta shafa shi. Daga nan ta share ido ta ce, "Baba Vernon, kai mugu ne." Na ce a wurin Wilma na koya.

Ranar Juma'a jarida ta fito da hotonki kina riƙe da ludayi, a samansa an rubuta: "Shekara hamsin tana hawan dutse, kullum tana dawowa gida." A ƙasa suka buga hoton bangon, rabin shafi guda. Na sayi kwafi biyar. Kada ki ce an gama gyara duniya dai, don a daren ranar wani mai karanta labarai a talabijin ya ce kin "murƙushe kusan dukkan duwatsun jihar." Corinne ta ɗauko jan biron nan naki ta miƙa min, ta ce gado ne.

Yaya Wilma, ina kewarki, ba zan ɓoye ba. Kin mai da ni ɗan jarida na gaske bayan ina tsammanin na riga na zama, kuma akwai jikoki da yawa a garuruwan nan da ba su san albarkacinki suke ci ba. Jiya Lowell da kansa ya zo jana'iza, ya tsufa, yana dogara sanda, Kirsten na riƙe da hannunsa.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya sa kin huta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Corinne da mijinta Emmett, da jikokinki uku, da ƙanenki Fidel, da duk mai suna a jikin bangon nan. Allah ya ba mu haƙurin rashinki. Kin sauka a kan lokaci kamar kullum, saura minti ashirin. Allah ya sa gida kika isa, kuma kin tarar da kwanonki da zafi.