Malam Haladu mai shinshinar hannun yara

Kullum kafin rana ta yi zafi Malam Haladu yana bakin gandun dashensa a bayan garin Gazawa, wuƙar auren mangwaro, wato ta haɗa reshe da reshe, a aljihu, samari sun yi layi. Ba ya amsa gaisuwar kowa sai ya kama hannunsa ya shinshina. Shekara talatin ke nan, kuma bana ya ce ido ya gaji, zai ajiye wuƙa.

Ni dai ban yarda da shi ba, kuma ba ni kaɗai ba. Mutum ya tara 'ya'yan talakawa, ya koya musu sana'a, ya ba su fura, bai nemi komai ba? Ruwa ba ya tsami banza. Wasu suka ce asiri yake yi da gumin yara, wasu suka ce ɗan leƙen asirin jandarma ne. Da ɗana Tahiru ya bar lakol, wato makarantar boko, ya fara zuwa wurinsa, sai da na yi kwana uku ina laɓe a bayan darni. Abin da na gani bai wuce ban ruwa da faɗa ba.

Ashe fetur yake nema. A nan, yaron da hannunsa ke warin fetur ya bi hanyar daji ke nan, ya ɗauro jarkoki a babur daga ƙetaren iyaka. Haladu ya san hanyar. Maraya ya tashi, rigarsa buhun taki ce da aka huda wa wuya, kuma wansa da ke ciyar da su a kan wannan hanya ya ƙone. Wani tsoho mai lambu ne ya ɗauke shi, ya nuna masa yadda ake riƙe wuƙa.

Wata ranar kasuwa sai ga shi a ƙofar gidana, riƙe da hannun Tahiru mai warin fetur.

"Maigida, yaron ga bai iya ƙarya ba, kuma ya ƙi faɗa mini wanda ya aike shi. Shi ya sa na san daga gida ne."

Na ce, "Malam, hatsi ya ƙare mana."

"Na san yunwa, na fi ka saninta. Amma jarka shida a bayan ɗan shekara sha biyar? In wuta ta kama, mi za ka ce ma uwatai?"

Ni na aike shi. Ni da na yi ta zargin mutum yana cin gumin ɗana. Kunyar ranar har yau ba ta sake ni ba.

Washegari Malam ya damƙa wa Tahiru dashen mangwaro arba'in, ya ce ya kai kasuwar Agiye, abin da ya samu na hatsin gida ne.

Malam Haladu, bango madafar marayu, kai ne ka zargi uba a kan ɗansa, kuma zarginka ya yi daidai. Na gode, Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa idonka haske.

Duk mai sana'a a hannu ya jawo yaro ɗaya kusa da shi, ya sa masa ido ko da za a zage shi. Tahiru da abokansa biyu ne suke bin hanyar fetur ɗin nan tare a da. Ɗaya yana gidan kaso, ɗaya mun kai shi makwanci bara. Tahiru ne zai karɓi wuƙar Malam ranar Juma'a.