Buhunan da Na Sauke

Sai da na yi jika na fara koyon karatu, a wani tsohon siton tumatir a Bunkure. Ɗakin siminti ne, in malama ta yi magana sai bango ya maido mata. Wata tsohuwa mai nauyin kunne, da muke kira Inna, ba ta fahimtar komai.

Malama ta sa muka ɗura ƙaiƙayin shinkafa a buhuna, muka rataye a bango. Tana tafi tana saurare, muna ƙarawa, har ƙarar ta daina dawowa. Inna ta fara ji.

Ranar da za mu yi baƙi daga Kano, na yi sammako na sauke buhunan duka. Na ce, "Makaranta ce ko rumbu? Ba mai raina mu!"

Wani baƙo ya ce Inna ta karanta allo. Sau uku yana maimaitawa tana kallon bakinsa, har aka yi dariya. Ta juyo wajena, ta ce, "'Yar nan, me ya ce?"

Na kasa ɗaga kai. Washegari na mai da buhunan, amma Inna ba ta sake zuwa ba.