Tsawon Hamma

Rilwanu mai fenti ya shekara ashirin yana zana kawuna a allunan masu aski na Batsari. Kai kam ya iya shi. Amma ka ce ya haɗa da gangar jiki, sai ka ga mutum da kai kamar kabewa, ƙafafu 'yan firit. Abin yana ci masa rai, har ya koma zama bakin tasha da fensir, ido ɗaya a rufe, yana auna masu wucewa: tsawon mutum kai bakwai da rabi, yatsu su sauka tsakiyar cinya. 'Yan acaɓa suka ce ya taɓu.

Wata ranar kasuwa wata Bafulatana, Saude, ta zo daga Babban Duhu. Mijinta Hamma ya bi sawun shanunsa da aka kore, kwana tara ba labari, kuma bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. So take a zana shi a nuna a kasuwa, ko wani ya gan shi.

"To baiwar Allah, yaya kamanninsa?"

Ta sunkuyar da kai. Matar da ko sunan mijinta ba ta faɗa, ita ce za ta tsaya gaban baƙon namiji tana siffanta masa hanci da ido? Sau uku yana tambaya, amsar ɗaya: "Yana nan dai kamar mutane." Haushi ya kama shi, amma tausayi ya fi.

Can ta kwance ƙunshi, ta fito da rigar mijin. "In ya sa, nan take tsaya masa." Ta taɓa gwiwarta.

Rilwanu ya shimfiɗa rigar, ya auna wuya, kafaɗa da hannu, ya sake aunawa. Lissafi ya ƙi. Mutumin ya haura kai takwas. In ya bi ƙa'idar da ya sha wuya kafin ya koya, zai fito da mutum tsaf, amma ba Hamma ba. Ga la'asar ta kawo jiki, in kasuwa ta watse sai wani mako. Ya bi awon rigar ya zana shi, ya rufe fuskar da malfa.

Da ya ɗaga takardar a kara, wurin masu shanu, dariya ta ɓarke. "Rilwanu, yau kuma ja ka yi masa kamar taliya?"

Wani dattijo daga wajen Wagini bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wa ke neman wannan?"

Rilwanu ya dubi Saude.

"Shekaranjiya muka tsince shi a bayan gonakinmu. Ba wanda ya san shi. Muka yi masa sutura. Sai da muka ƙara wa kabarin tsawo."

Saude ta yi salati a hankali. Sannan ta tambayi dattijon ko akwai mai babur da ya san hanyar.