Hannun Hagun 'Yar Tela

Tun da na yi ritaya daga koyarwa na ajiye benci biyu a barandata a Moshi Zongo. Bayan la'asar yara suke zuwa, irin waɗanda malamansu suka gaji da rubutunsu. Ni ba na gajiya, sai dai in yi ta masifa.

A cikinsu akwai 'yar wani tela a unguwar Dabokpa, shekarunta sha huɗu. Tambaye ta da baki, amsa na nan tsaf. Ba ta biro kuwa, sai gumi, layi uku a rabin awa, kamar kaza ta yi tono a takarda. Hedimastansu ya ce ba zai sa sunanta a jarrabawar fita ba. Uban kuma ya riga ya yanke: in babu jarrabawa, ta zauna shago tana ɗinka maɓalli.

Sati biyu ina mata faɗa, Allah ya yafe mini. Wata rana biro ya gangaro daga benci, ta cafe shi kafin ya taɓa ƙasa. Da hagu. Ta yi maza ta mayar da shi dama, tana kallona kamar na kama ta da sata.

Na ce, "Ke, mayar da shi hannun da ya cafe."

Nan ta gaya mini kakarta ce ta riƙa ɗaure mata hagun da tsumma tun tana ƙarama, bulala ta ƙarasa sauran. Na ce mata nan barandata ce, ta rubuta da hagunta. Layin farko ya karkace, amma kafin magariba ta cika shafi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Shekara da shekaru ana kiran yarinya daƙiƙiya a banza, har da ni.

Bayan kwana uku sai ga uban a kan babur, ko sauka bai yi ba.

"Madam, na kawo ta ki gyara, ba ki lalata ba. Hannun da ake shiga bayi da shi?"

"Malam, da dama take cin abinci, da dama take miƙo mini littafi, kuma ba zan canza wannan ba. Amma biro ba tuwo ba ne."

"Mutane za su ce ba ta da tarbiyya."

"To, mutanen su zo su rubuta mata jarrabawar."

Ya ce ba za ta ƙara taka gidana ba, ya tada babur. Ai kuwa bai ce kada in taka makarantarsu ba. Washegari na yafa mayafi na tafi. Na sa aka kira ta ofishin hedimasta, na ce ya yi mata shifta da bakinsa. Tana rubutu da hagu, yana leƙe. Ya karanta shafin har ƙasa, ya jawo rajista ya sa sunanta. Daga nan kullum lokacin hutun tara ina can, ni da ita a ƙarƙashin darbejiya.

Maƙwabta biyu sun janye 'ya'yansu daga barandata. Uban yarinyar har yau in mun haɗu sai ya kau da kai. Allah ya ba shi haƙuri, ni dai ban yi nadama ba.

Ranar jarrabawa na raka ta bakin ƙofa. Ta riƙe mayafina, muryarta ƙasa ƙasa.

"Madam, in mai tsaro ya ce in canza hannu fa?"

Na ce, "Ki ce masa ya fito, ina nan waje."

Na samu dutse na zauna a rana har aka tashi.